Mayafin Uwata da Garun Yariko

Lahadi, 3 ga Satumba, da yamma

Har yanzu ƙaurin hayaƙi bai bar gashina ba. Na wanke, na sake wankewa.

Yau bayan sujada aka ƙone ulos, mayafanmu na gado, na ƙauyen nan kaf, a filin da ke gaban rumfar Fasto Haposan. Mayafan da aka yafa mana ranar aure, da waɗanda muka goyi 'ya'yanmu da su, da waɗanda muka adana don a rufe gawarmu, duk aka tula su wuri ɗaya. Fasto ya ce gobe za a fita yaƙi, kuma rundunar Ubangiji ba ta fita da kayan iskoki a gida. Wai kakanninmu da sunan aljanu suka saƙa su. Uwata ce ta saƙa da yawa daga cikin tulin nan, kuma waƙar coci take yi tana jefa ƙoshiya. Amma wa ya tambaye ni?

Mijina, Ama Rumondang, shi ya zuba kananzir (da sunan 'yarmu Rumondang ake kiranmu, shi Ama, ni Nai). Mutumin da ya tsufa yana dattijo a tsohuwar cocinmu! Da kamfanin takarda ya kewaye dajin ƙaronmu da waya, tsohon fastonmu ya ce a yi haƙuri a bi ta hukuma. Sai wannan Haposan ya zo da lasifika yana cewa Allah mayaƙi ne. Kowa ya bi lasifika.

Na ba da duk abin da ke cikin akwatina. Guda ɗaya dai ba a akwati yake ba.

Litinin, 4 ga Satumba, da hantsi

Mazan sun fita tun da farar safiya. Za su riƙa zaga sansanin kamfani kullum, baki a rufe, kamar yadda Isra'ilawa suka zaga Yariko. Rana ta bakwai a busa ƙaho, a yi ihu, garu ya zube. Namu garun na kwanon rufi ne, iska mai ƙarfi ma takan kayar da shi, sai dai ba a so iska ta riga Allah. Togap, mijin 'yata, shi aka ba ƙahon ɓauna. Tun jiya yake gwaji a bayan gida, kai ka ce saniya ce ciki ya murɗa.

Bari in rubuta zancen mayafin da na riƙe, ko zuciyata ta yi sanyi. Baƙi ne mai ratsin ja. Uwata ta yafa mini shi ina da cikin Rumondang wata bakwai, bayan ɓarin da na sha yi har na fid da rai. Haka muka tarar ana yi: idan cikin 'ya ya kai wata bakwai, iyayenta su kai mata kifi, su lulluɓe ta da ulos, don kurwarta ta ji ɗumi ta tsaya da ita ranar haihuwa. Rumondang ta kusa kai nata. Ita kaɗai gare ni. Ni ban iya saƙa ba, masaƙar uwata kuma gara ta cinye ta tuntuni. In wannan ya tafi, babu wani.

Na farke matashin kan Ama Rumondang, na cusa shi tsakiyar audugar rimi, na ɗinke.

Laraba, da safe

Mijina yana shan kofi ya ce ya yi mafarki, ya ga mala'ika da takobi tsaye a bakin dajinmu.

Na ce, "Ikon Allah. Kwanan nan kuwa barcinka ya yi daɗi."

Ya ce, "Yo ba dole ba? Tunda aka tsarkake gidan nan nake jin kaina sakayau."

Na juya na shiga hura wuta don kada ya ga fuskata.

Alhamis, da azahar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. A cikinsa suka zaga. An ce ma'aikatan kamfani sun hau kan mota suna ɗaukar su hoto suna dariya.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan cin abincin rana

Bakina ne ya ja mini. Ina dakan ganyen rogo, shi yana ta ba ni labarin yadda Isra'ilawa suka ci gari bayan gari, sarakuna suna faɗuwa, ba da yawan mayaƙa ba, da hannun Ubangiji.

Na ce, "Ama Rumondang, su mutanen cikin Yarikon fa? Ba su da gonaki? Ba kakanninsu ne suka dasa itatuwan wurin ba?"

Ya ce, "Arna ne."

Na ce, "To ni abin da nake gani, mu ne a ciki. Wasu baƙi sun zo daga nesa, sun ce an ba su ƙasar, sun zaga mu da awo da waya, ba su ce mana uffan ba. Ka tabbata ba a baibai kuke karanta labarin nan ba?"

Ya ajiye kwanon da ƙarfi. "Nai Rumondang, ki iya bakinki. Irin wannan maganar ce ke kayar da runduna."

Na ci gaba da daka har ganyen ya zama ruwa.

Lahadi, 10 ga Satumba

Garun bai faɗi ba.

Litinin, da yamma

Sun busa, sun yi ihu har muna jiyowa daga nan ƙasa. Kwano ko motsi bai yi ba. Da shirun ya yi tsawo, sai samari suka sa hannu suka tura, wai su taya Allah. Ashe motocin 'yan sanda suna ciki tun asuba. Yo mako guda kana zaga gidan mutum kana sanar masa ranar da za ka zo!

Sun tafi da maza da dama. Har da Togap, ƙahon na rataye a wuyansa. Fasto yana can baya yana addu'a, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Mijina ya dawo da takalmi ɗaya.

Na je wurin Rumondang. Tana zaune a bakin tsani, hannu biyu a kan ciki, ba ta kuka. Da ma ta yi.

Laraba

Tun jiya ake jin ƙarar injin yanka itace daga kan tudu. Ba wanda ya ce ya ji.

Juma'a, da la'asar

Mun sauka gari ni da Rumondang a motar kasuwa. Ba su bari mun ga Togap ba. Shinkafar da muka kai, ɗan sandan bakin ƙofa ya karɓa ya ce zai miƙa, yana buɗe ganyen ayabar tun ba mu juya ba. A hanyar dawowa ta yi amai. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta cin abinci, sai azumi da addu'a. Na ce mata mai ciki ba ta azumi. Ta ce, "Inang, ke ba ki gane ba." Tun tana ƙarama, in ta ce mini Inang da wannan muryar, na san uwa ce kawai a suna, maganar ta ƙare.

Lahadi, 17 ga Satumba, bayan sujada

Na ɗauka yau Fasto zai sunkuyar da kai ya ba matan nan haƙuri. Ina! Ya buɗe shafi na gaba ne kawai.

Wai bayan Yariko, Isra'ilawa sun je wa wani ɗan ƙaramin gari, aka fatattake su. Ba don ikon Allah ya gaza ba, ikon Allah ba ya gazawa. Wani ne a cikin sansani ya ga riga mai kyau, ya yi kwaɗayi, ya binne ta a ƙarƙashin alfarwarsa. Saboda riga ɗaya, maza suka mutu. Sai da aka fito da jama'a dangi-dangi, gida-gida, aka kama shi, sannan nasara ta dawo.

Ya sauke lasifika, ya bi mu da kallo. Ya ce, "Riga, 'yan'uwa. Tufa. Akwai wanda bai kawo duka ba. Mazanku suna kwance a kan siminti saboda shi."

Ya ce Lahadi mai zuwa za a tashi dangi-dangi, kowane gida ya ɗaga hannu ya rantse. Mutumin nan ya iya sana'arsa. In garu ya faɗi, nasa ne. In bai faɗi ba, namu ne.

 

Talata, da hantsi

Nai Bonar, ƙanwar mijina, wadda muke kiran juna Eda, ta zo aron gishiri. Gishirin da ta neme shi har ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Eda, wannan baƙin na mahaifiyarki mai ratsin ja fa? Ban gan shi a wuta ba."

Na ce, "Eda, ashe ƙirga kike yi? Na ɗauka waƙa kike yi ido a rufe."

"Ke dai kin cika baƙar magana. Bonar ɗina ma yana can a kulle, kin sani."

"Na sani. Ni na kulle shi?"

Ta tsaya tana kallon katifa. A kan matashin ma ta dafa hannu da za ta miƙe. Ta tafi ba gishirin.

Ba na ƙin ta. Ɗanta ne. Amma na ƙi ta yau.

Alhamis, 21 ga Satumba, da yamma

Na yi. Duk abin da zai faru ya faru.

Da safe, mijina na fita na farke matashin. Na dafa kifin tafki manya, ban yanke musu kai ba, na sa kurkum da citta da yaji kamar yadda uwata take yi, na jera su a kan shinkafa. Bisa ƙa'ida da ubanta za mu je gidan Rumondang, da dangi, da rana tsaka kowa na gani. Ni kaɗai na tafi, ta bayan gonar kofi, da ulos a ɗaure a cikina ƙarƙashin riga kamar ɓarauniya.

Tana ganin yadda kifin yake kwance ta gane. Ta ce, "Inang, me kika yi?"

Na ce, "Zauna, boru. 'Yata ce ke kafin ki zama 'yar cocin kowa."

Na ba ta loma a baki da hannuna. Ta ci. Ta ƙara. Rabonta da cin abin kirki tun da aka tafi da Togap. Sannan na warware ulos ɗin, na zagayo ta bayanta, na yafa mata daga kafaɗa zuwa kafaɗa, na haɗe bakinsa a ƙirjinta. Na ce Allah ya sauke ki lafiya, kurwarki ta zauna daram, ki ga 'ya'yan 'ya'yanki. Da sunan Allah na yi, ban kira sunan wani ba.

Ta sa hanci a ciki. Ta ce, "Ƙamshin Ompung." Kakarta take nufi, wadda ta goye ta. Sai ga kukan da ta riƙe tun ranar nan, ya zo gaba ɗaya. Na riƙe ta.

Da zan tafi na miƙa hannu in karɓa in mayar maɓoya. Ta damƙe shi. Ta ce, "Bar mini shi, Inang. Ai nawa ne yanzu."

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce ashe 'yata tana nan.

Asabar

Mijina ya ce matashinsa ya lotse. Na ce tsufa ne, kai ma ka lotse.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ba zan rubuta yau ba.

Litinin, da azahar

Ba a ma kai ga danginmu ba. Ana cikin rantsar da gidajen farko Rumondang ta miƙe daga bencin mata, da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. Ta taka har gaba. Ta ciro ulos ɗin daga jakarta ta ɗaga.

Ta ce, "Ga shi. A gidanmu yake. Ku ƙone, a sako mini mijina."

Ba ta ambaci sunana ba. Ba sai ta ambata ba, duk tsohuwar da ke wurin ta san hannun uwata. Kawuna suka juyo. Nai Bonar ta saki ihu tana tafa hannu.

Mijina ya tsallako bencuna ya tsaya a kaina. Ya ce, "A ina kika ɓoye shi?"

Na ce, "A ƙarƙashin kanka. A kansa ka ga mala'ikan."

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

Fasto ya ce a zamanin Isra'ilawa da jifa ake kashe mai irin wannan laifi, shi da 'ya'yansa, amma mu muna zamanin alheri. Na gode ƙwarai. Ya miƙo mini ashana wai in kunna da hannuna in sami gafara. Na sa hannuwana a hammata. Ya yi ta miƙo, na yi ta kallonsa. Sai Rumondang ta karɓa.

Bai kama da wuri ba. Saƙar uwata ce, ko ruwa da ƙyar yake ratsa ta. Sai da suka ƙara kananzir. Suna waƙar nasara, ni ina kallon jan ratsin yana baƙi. Rumondang kuma ba ta kalli wutar ba, ba ta kalle ni ba, cikinta take kallo.

Talata

Ba wanda ya amsa gaisuwata a famfo.

Laraba, 27 ga Satumba, da la'asar

An sako su. Dukansu. Motar kasuwa ta sauke su ana ta guɗa, ana buga kwano, mata suna faɗuwa ƙasa suna cewa ikon Ubangiji, kwana kaɗan da fid da haram! Fasto yana tsaye a kan benci hannu sama.

Na yi murna. Allah ya sani na yi murna, Togap ya rame har haƙarƙarinsa sun fito. Amma da na ga yadda Rumondang ta waiwayo ta dube ni ta kan kafaɗarsa, sai murnar ta gushe. Kallon cewa kin gani ko.

Juma'a, da safe

Ƙarar injin ta tsaya. Tun ranar Talata ta tsaya, sai yau na lura.

Asabar, da yamma

Togap ya kawo mini itacen girki. Yaron kirki ne, kai ne dai ba shi da shi. Na zuba masa kofi, na ce, "Amang, surukina, tsakaninka da Allah, me suka ce da za su sake ku?"

Ya yi ta juya kofin. Ya ce, "Inang, babbansu cewa ya yi an gama aikin, ku tafi gida, kun ishe mu da waƙa."

"Wane aikin?"

Ya nuna tudu da haɓa.

Na ce, "Gobe haka za ka faɗa a coci?"

Ya ce, "Haba Inang. Rumondang ta ƙone kayan kakarta saboda ni. In ce mata a banza ta yi?"

Na ƙara masa kofi.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Ban je ba. An ce Togap ya ba da shaida, ƙofar kurkuku ta buɗe kamar da hannun mala'ika. An ce Fasto ya ce dajin ma yana nan tafe, Isra'ilawa ba a rana ɗaya suka ci ƙasar ba.

Talata, da la'asar

Ama Rumondang ya hau tudu shi kaɗai. Ya daɗe. Ya dawo da wani guntun ɓawo mai busasshen ƙaro a jiki, ya ajiye a kan taga. Itatuwan da kakansa ya dasa, waɗanda ya san su ɗaya-ɗaya, yana yi musu magana in zai tsaga su. Na zuba masa abinci bai taɓa ba.

Na so in ce wani abu mai zafi. Na tanade shi tun makon jiya, na goge shi tas. Da na ga yadda ya zauna sai na fasa. Ko wannan ma sun ƙwace mini.

Alhamis

Ubangiji, ni ban ce ba ka da iko ba. Uwata ta koya mini kai ka raba teku, kai ka rushe garuruwa, na yarda tun ina yarinya kuma ban fasa ba. Tambaya ɗaya gare ni. Kai da garun dutse bai tare ka ba, yaya aka yi tsumman tsohuwa a cikin matashi ya ɗaure maka hannu? In kuma ba kai ka ce ba, me ya sa ka bar su suna ta faɗa da sunanka ka yi shiru?

Lahadi, 15 ga Oktoba

An kwance rumfar. Fasto ya sami kira zuwa wani ƙauye a ƙetaren tafki, can ma an ce akwai waya. Ya tafi da lasifikarsa. Mutane sun fara komawa tsohuwar coci ɗaya-ɗaya, kowa yana yi kamar jiya ma yana nan. Nai Bonar ta gaishe ni a famfo, har da tambayar ƙafata. Na ce da sauƙi.

Laraba

Na aika wa Rumondang ganyen rogo da ƙwai ta hannun Togap. Kwanon ya dawo a wanke. Ba saƙo.

Asabar

Haka dai.

Talata, 31 ga Oktoba, da safe

Namiji ne. Ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, amma yana da murya.

Togap ne ya zo da gudu jiya da rana ya ce Rumondang tana kirana. Ta sha wuya ƙwarai. Jini ya ƙi tsayawa, ungozoma ta fara kallona irin kallon da na sani. Ban yi tunanin komai ba a lokacin, ƙarya nake yi, na yi, amma ba zan rubuta ba. Daga baya ya tsaya.

Da gari ya waye sanyin tudu ya sauko. Muka hura gawayi muka tura ƙarƙashin gadonta kamar yadda ake yi wa mai jego. Duk da haka haƙoranta suna haɗuwa. An naɗe jaririn a tawul. Matan suka fita dafa ruwa, aka bar mu mu biyu. Rabon da mu zauna mu biyu tun ranar kifi.

Ta kamo hannuna. Ta jawo ni har kunnena ya kusa bakinta.

Ta ce, "Inang."

Na ce, "Ina ji, boru."

"Ke da wayonki. Ai na san ki. Kin ɓoye wani, ko? Ko ƙarami. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Tana kallona kamar lokacin da take ƙarama in na dawo daga kasuwa, tana jiran in buɗe hannu. Ban taɓa son yin ƙarya ba irin na yau.

Na ce, "Babu, Rumondang. Shi ke nan."

Ta saki hannuna, ta juya fuskarta bango. Kafaɗunta suna ta rawa. Na cire rigar sanyina ta gwanjo na rufa mata, na haɗe bakinta a ƙirjinta. Ban san wanda ya saƙa ta ba.